Gwadabe Tela da Sunan 'Yarsa ta Fari

Ranar da muka kai Gwadabe Tela makwancinsa, na zauna a zauren gidansu da ke Ƙofar Guga ina jin ana yabonsa har raina ya ɓaci. Duk wanda ya shigo, in ya gama ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, sai ya ɗora da cewa an yi rashin mai kunya. Wani dattijo har da kaɗa kai, wai yanzu ina za a samu irin Gwadabe, mutumin da ko sunan 'yarsa ta fari ba ya kamawa. Na tashi na zura takalmana na fita. Allah Ya jiƙan Gwadabe, Ya yi masa rahama. Amma kunyar nan da ake yabo ni na san abin da ta ci, kuma ba zan zauna ana shafa mata mai a gabana ba.

Sunana Dabo, tsohon malamin firamare ne ni. Gwadabe taubashina ne, uwata ƙanwar ubansa ce, don haka tun muna yara babu abin da ba na iya faɗa masa. Ya girme ni, amma wasan taubasai ba ruwansa da girma. Ni ina ce masa Sarkin Allura, shi kuma yana ce mini Maci-alli. Siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, in kuna tafiya tare sai ka riƙa waiwayawa ka tabbatar yana nan. Ya koyi ɗinki a hannun wani tsohon tela a bakin kasuwa, ya fara da sa maɓalli da kalmasa, har ya mallaki kekensa ya kafa a rabin zauren gidansu. Bai taɓa saɓa wa kowa alkawari ranar jajibirin Sallah ba, kuma duk wanda ya san halin teloli ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matarsa ɗaya, Mairo. 'Ya'yansu biyu a lokacin, duka mata, Ma'u ce babba, sai Zinariya da ke bi mata. Ma'u 'yar fari ce ke nan, kuma kowa ya san yadda muke yi da ɗan fari a cikin birni. Uba ba ya kama sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. In Gwadabe zai yi zancen Ma'u sai ya ce "yarinyar nan", ko "ta wajen Inna". Mairo ma ta fi shi, in da baƙi ko kallon kirki ba ta yi mata. A da ban taɓa ganin laifin wannan ba, domin al'adar ba ta bar yaro haka kawai ba. In uba ya kau da kai, kaka ko baffa ko gwaggo ne ke tsaya wa yaron da ƙarfinsu. Mai tsaya wa Ma'u ita ce Inna Kulu, mahaifiyar Gwadabe, tsohuwar da ko mai unguwa yana shakkar bakinta.

Na sha ganin yadda suke yi. Sallah za ta matso, Gwadabe ya ɗinka wa Zinariya kaya ya aika cikin gida, ya yi kamar ya gama. Sai ka ji Inna Kulu ta taso da sandarta har zaure.

"Gwadabe, ita waccan daga sama ta hwaɗo? Ko tsirara za ta tahi Idi?"

"Au, Inna, na sha'afa."

"Sha'afar gidanku. Tashi ka nemo mata."

Sai ya sa hannu ƙarƙashin tulin yadi ya jawo kayan Ma'u, an gama su tun tuni, har an goge, kuma kullum sun fi na ƙanwar kyau. Inna Kulu ta karɓa tana mita, shi yana sunkuyar da kai yana murmushi. Shi ya tsira da kunyarsa, yarinya ta samu kayanta. Haka aka yi wajen sa ta makaranta, Inna Kulu ce ta ja hannunta ta kawo mana ita, Gwadabe yana cewa shi bai ma san ta isa ba. Sai Allah Ya yi wa tsohuwa rasuwa Ma'u tana aji biyu. Wan Gwadabe, Alhaji Shehu, wanda ya kamata ya gaji wannan tsayawar, ya riga ya koma Kaduna yana bin kwangila, sai daga Sallah zuwa Sallah ake ganinsa.

Lokacin ne kuɗin mai suka sauko wa ƙasar nan. Aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, gari ya cika da babura da rediyo mai kaset, wanda jiya yake aron kekenka yau yana danna maka hon. A shekarar 1976 gwamnati ta ce ilimin firamare kyauta ne ga kowa, shirin da muke kira Yufi'i. Niyya mai kyau ce, ban musa ba. Amma ni ina ciki, na ga yadda aka yi ta. Firamaren unguwarmu, wadda yaranta daidai ƙarfinmu suke, rana ɗaya aka turo mata ninkin-ba-ninkin. Aka ba wani ɗan kwangila ginin sababbin azuzuwa, ya jera bulon da in ka murza da yatsa yashi ke zubowa, ya kifa kwano a kai, ya tafi Makka abinsa. Iskar farkon damina ta kwashe kwanon ta kai gonar mutane. Benci kuwa sai dai labari, a ƙasa yara ke zama, gwiwar wannan a bayan wancan. Malaman kirki suka gudu banki da kamfanoni, aka cike gurbinsu da waɗanda aka yi wa horon gaggawa, wasunsu in ka ba su jarrabawar ɗan aji shida sai sun yi gumi.

Gwadabe dai kakarsa ta yanke saƙa, domin duk yaron da aka turo mana yana buƙatar kayan makaranta. Kekensa bai huta ba. Ya ƙara na biyu, ya yi wa zaure daɓen siminti, ya sayi dutsen guga mai lantarki duk da cewa wutar ba kullum take zuwa ba. Ban taɓa ganin ya canza hali ba, hularsa ma ita ce ta da.

Ma'u tana aji uku a shekarar. Ba ni ke koyar da ajinta ba, amma duk makarantar an san ta. Yarinya ce da in ta ga rubutu sai ta karanta, ko na buhun siminti ne, ko na bayan babbar mota. Malamin ajinsu, wani Malam Haruna, ya samu 'yar kwangilar kai yashi wurin gini. Da safe zai leƙo, ya kira suna, ya miƙa wa Ma'u alli da tsumagiya, ya hau babur. Ita za ta tsaya gaban yara fiye da ɗari tana biya musu abin da ta iya har a tashi. Kowa yana cewa kai, yarinyar nan ai malama ce. Ni kuwa abin ƙona mini rai yake, domin wadda kullum ita ke koyarwa, yaushe za a koya mata? Abin da ta shiga aji uku da shi, da shi ta fita. Na kai ƙara wajen hedimasta, ya ce in yi haƙuri, in an kori Haruna wa za a kawo. Da ta shiga aji huɗu, sai ga Harunan nan dai an sake ba shi ajin.

Manyan ma'aikata ba su tsaya jiran gyara ba. Su da suka tsara mana abin a ofis, su ne suka fara kwashe 'ya'yansu. A Kambarawa, wadda a lokacin bayan gari ce, sababbin gidajen siminti suna tsirowa a tsakiyar gonakin gero, wata Hajiya Hure ta buɗe makarantar kuɗi. 'Yar birni ce, amma ta daɗe a Kaduna tana aikin ilimi kafin ta yi ritaya ta dawo gida. Na shiga makarantar ba sau ɗaya ba, kuma ba zan yi mata ƙarya ba. Kowane yaro da kujerarsa, malami yana cikin aji daga safe har tashi, littafi a hannun kowa. Babu wani sihiri a ciki, abin da ya kamata a ce yana cikin tamu ne kawai. Da safe sai ka ga motocin gwamnati a jere a ƙofar suna sauke yara, har da ta wani jami'in da ke zuwa duba mu yana mana faɗa wai ba mu da kishin ƙasa.

Hajiya Hure ta ba Gwadabe ɗinkin kayan makarantarta, shuɗin fenafo da farar riga ga mata, kaki ga maza. Ya yi mata aikin da ya burge ta, ya kuma kawo kafin ranar da ya yanka. Ni a lokacin an tura ni kwas Zariya, saboda haka abin da ya faru daga bakinsa na ji daga baya. Ta duba kayan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce tana da kujera ɗaya da take ajiyewa don ɗan talaka, ba biyan komai har ya gama, ya kawo mata ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Gwadabe ya yi godiya ya dawo gida. A ranar ya yanka shuɗin yadi ya ɗinka fenafo ba tare da ya auna kowa ba. Da ya koma, Hajiya ta tambaye shi wace zai kawo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai ƙaramar."

Ya faɗi haka ya tsaya yana jira. Jira yake a ce masa, ita babbar fa, daga sama ta faɗo? Duk rayuwarsa haka ake yi, ya ambaci ƙarama, a daka masa tsawa, ya miƙa babba. Hajiya Hure kuwa iyayen yara na bakin ƙofa suna jiranta. Ta ce to madalla, a kawo ta ranar Litinin, ta juya ga na gaba.

Da na dawo daga Zariya, abin da na fara gani da safe shi ne Zinariya a bayan babur ɗin wani maƙwabci da ke aiki wajen Kambarawa, cikin fenafon da ya kusa sharar ƙasa. An kalmashe gindinsa, an sake kalmashewa, kafaɗa sai zamewa take. Matan unguwa suna dariya wai 'yar tela da kayan aro. Ni ban yi dariya ba. Gwadabe bai taɓa kuskuren awo ba, ko ga baƙon da ya gani sau ɗaya. Na dubi fenafon, na dubi Ma'u da ke tsaye a ƙofar gida da tsintsiyar sharar makaranta a hannu, na ga tsayinsa daidai ita. Zinariya ba ta da laifi a ciki. Yarinya ce mai daɗin rai, wasa ne kawai a gabanta, ranar ma kuka take wai ita ba ta son makarantar nesa.

Na faɗa zauren, ko sallama ban ƙarasa ba.

"Gwadabe, wa ka yanka ma shuɗin yadin nan?"

Ya ci gaba da taka keke. "Maci-alli, an dawo lahiya? Ya Zariya, ya hanya, ya gajiya?"

"Bar ni da Zariya. Na ce wa ka yanka mawa?"

Keke ya tsaya. Ya daɗe yana warware zaren da bai harɗe ba, sannan ya ce, "To mi za ni ce mata, Dabo? In buɗe baki in ce a ɗauki ta hwari? A ce Gwadabe ya zaɓi ɗiyarshi ta hwari da bakinshi? Ina za ni sa kaina cikin garin ga?"

"Sa shi ƙarƙashin keke inda ka saba. Inna ta rasu, Gwadabe. Babu mai zuwa da sanda."

"Na ɗauka Hajiya za ta tambaya."

"Hajiya uwarka ce?"

Ya koma taka kekensa. Na shiga cikin gida na samu Mairo tana tankaɗe, na zazzage mata abin da ke raina. Ta ce, "Malam Dabo, ni mi ne nawa a ciki? Kai ma ka san ba ni da bakin magana a kan yarinyar nan." Ta juya mini baya tana goge ido da gefen zane. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da ba sa son ta ne da na san da wa nake faɗa. Su biyun nan babu abin da suke so a duniya kamar Ma'u, kuma su biyun sun zuba ido ana cutar ta.

Ban yi ƙasa a gwiwa ba, na tafi Kambarawa na samu Hajiya Hure. Ta saurare ni, ta ce in kawo yarinyar ta gani. Na kai Ma'u. Aka ba ta littafin Turancin da ba ta taɓa gani ba, ta karanta tana tuntuɓe, amma duk inda ta tsaya sai ta tambayi ma'anar kalmar, in an faɗa mata ba ta sake tambaya. Aka ba ta lissafin da ba a koya mata ba, aka nuna mata ɗaya, ta yi sauran. Hajiya ta cire tabarau ta ce wannan ai tun bara ya kamata a kawo ta. Ta ce kujera ɗaya ce take bayarwa, amma a kan wannan yarinyar za ta ƙara ta biyu, ba sai an cire ƙanwar ba. Sharaɗinta ɗaya, uban ya zo ya nema da bakinsa. Wai an taɓa kawo mata yaro ta hannun kawunsa, uban ya zo ya tara mata jama'a yana cewa ta sace masa ɗa za ta mayar da shi Nasara, tun daga nan ta yi wa kanta doka.

Na dawo da murna. Ga 'ya'yansa biyu za su samu, ba a nemi komai a wurinsa ba sai magana ɗaya. Na sa shi gaba har ya yarda, ya sa babbar rigarsa, muka ɗauki Ma'u muka tafi. Muka bar ta a kan benci a baranda, daidai tagar ofis, muka shiga. Rashin sa'a, a ciki muka tarar da Alhaji Babaji, wani attajirin unguwarmu, ya zo maganar jikansa yana zaune yana jan carbi. Da Gwadabe ya gan shi na ga kafaɗunsa sun sauka. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa, Gwadabe yana ta ƙaro gaisuwa don kada a zo ga maganar.

Hajiya ta ce, "Malam Gwadabe, ɗan'uwanka ya ce kana da magana."

"E to, ranki ya daɗe. Dama maɓallan rigunan nan ne, na ga kamar waɗanda anka kawo ba su da ƙwari."

Na taka masa ƙafa.

"Ba maganar maɓalli muke ba," in ji Hajiya. "Kana da wata ɗiya bayan Zinariya?"

"Akwai ta wajen Inna, Allah Ya jiƙanta."

"Ya sunanta?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ma'u."

"Malam Dabo, ba kai na tambaya ba." Ta juya gare shi. "Malam Gwadabe, ni ma ɗiyar birnin nan ce, na san kunya. Ban ce ka yabe ta ba. Ka ce mani kana so in ɗauki wance, shi ke nan, gobe ta fara."

Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Leɓensa yana motsi, wallahi na ga sunan ya zo har bakinsa. Ya saci kallon Alhaji Babaji, wanda ya daina jan carbi ya zuba masa ido. Sai ya ce, "Duk abin da Hajiya ta gani daidai ne."

"Ni na ga abin da na gani. Kai nake tambaya. Kana so?"

"Ai ita, ranki ya daɗe, tana nan lahiya inda take. Ba ta da matsala."

Hajiya ta mayar da tabarau ta ce, "To, shi ke nan. Uba ya fi kowa sanin ɗiyarshi." Alhaji Babaji ya gyara zama ya ce masha Allah, ɗan mutunci, haka muka taso muka ga ana yi. Da ba don furfurarsa ba da na gaya masa maganar da za a yi shekara ana sasanta mu.

Har yau ina jin haushin Hajiya Hure ita ma. Ta san abin da ke faruwa sarai. Ta ga gumin mutumin, ta ga yarinyar da idonta, ta san abin da ake jira a wurinta. Da ta ɗaga murya ta ce kai tafi can, gobe ka kawo mini ita, da Gwadabe ya durƙusa ya yi godiya. Numfashi ɗaya zai ɗauke ta. Amma ta riƙe dokarta, shi ya riƙe kunyarsa, kowa ya fito daga ofishin da mutuncinsa cikakke. Wadda aka yi zaman dominta kuwa tana baranda, kuma tagar a buɗe take.

A hanya Ma'u ta wuce gaba, ba ta yi kuka ba. Gwadabe yana baya yana kallon ƙasa. Sai da muka shigo Ƙofar Guga ta tsaya ta jira ni, ta ce, "Baba Dabo, allin ajinmu ya ƙare, kuma Malam Haruna bai bar wani ba. Ko kana da shi?" Na ce ina da shi. Washegari ta koma gaban ajinta tana biya musu.

Na sake komawa Kambarawa bayan 'yan makonni, aka ce kujerar an ba ɗan wani babban ma'aikaci da aka yi wa canji daga Kaduna. Na yi watanni ba na shiga zauren Gwadabe, in mun haɗu a masallaci gaisuwa ce kawai. Na riƙa zaunar da Ma'u bayan la'asar ina koya mata abin da ya samu, amma hakan bai daɗe ba. Bakina ya yi yawa a kan maganar kwano da Malam Haruna, sai aka yi mini canji zuwa wata makarantar ƙauye a hanyar Jibiya, sai ƙarshen wata nake shigowa gari. Ma'u ta koma karanta littattafan Zinariya in ta ajiye su. To, Zinariya ƙasa take da ita a aji, don haka duk abin da ta samu a ciki na baya ne, ba na gaba ba.

Da ta kai aji shida aka yi jarrabawar shiga sakandare. Tambayoyin duk da Turanci suke, kuma rabinsu a kan abubuwan da babu wanda ya taɓa ambata musu a aji. Da sakamako ya fito, 'yan Kambarawa kusan duk sun ci. A makarantarmu babu ko ɗaya, har da Ma'u. Na shigo gari na yi ta yawo a kanta. Hedimasta ya ce babu maimaici, na baya sun riga sun cika ajin, ina zai sa ta. Hajiya Hure ta ce ba ta ɗaukar ɗan ajin ƙarshe daga waje, zai ɓata mata sakamako. Duk inda na taɓa a rufe.

Ranar da na dawo daga wajen Hajiya na bi ta zauren Gwadabe bayan la'asar. Na tarar da shi zaune, keke a rufe, ga kayan mutane a tule bai taɓa ba. Bai ce mini Maci-alli ba. Muka gaisa sama-sama, sannan ya ce, "Dabo, ba abin da za a iya yi ma Ma'u?"

Tunda aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba sai ranar. Maimakon in ji daɗi sai na ji jinina ya hau.

"Au, ashe ka san sunanta?"

"Gobe za ni wajen Hajiya. Ko gaban wa ne in hwaɗa."

"Daga can nake. Ta ce ba ta ɗauka. Lokacin da anka ce ka hwaɗa, maɓalli ka tsaya yi ma mutane bayani. Yanzu ka je ka hau hasumiyar Gobarau ka kira sunan, babu kujerar da zai ba ta."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sai ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya, muryar da ban san yana da ita ba.

"Ma'u!"

Dakan da Mairo ke yi a tsakar gida ya tsaya cak. Can sai ga Ma'u ta fito, hannunta da kumfar wanke-wanke, ta durƙusa a bakin ƙofa. Ta gaishe ni, sannan ta dubi ubanta.

"Baba, Zinariya ba ta dawo daga lesin ba. In ta dawo in turo ta?"

"Ke nake kira."

Tana durƙushe tana jira. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dube ni kamar ni zan ba shi abin faɗa, na kau da kai.

Ta ce, "Akwai aike?"

"Babu."

Ta ɗan ƙara jira kaɗan, ta ce, "To, Baba," ta tashi ta koma wanke-wankenta. Ma'u ba ta ƙara shiga aji ba.